Yadda ake dasa bishiyar lailak a lambun Ingila

Lailak sai ta sha sanyin hunturu take yin furen nan mai ƙamshi, shi ya sa ba ta son ƙasa mai zafi.

1. A dasa a watan Oktoba ko Nuwamba, inda rana ke bugawa awa 6 kullum. A inuwa, fure kaɗan za ta ba ka.
2. Faɗin ramin ya ninka dunƙulen saiwar sau biyu, zurfinsa daidai da tukunyar da ta zo ciki. A guji wurin da ruwa ke kwanciya, saiwa ruɓewa take.
3. A cike ramin, a danne, a zuba ruwa bokiti guda.
4. A rage rassa da zarar furen Mayu ya bushe. Wanda ya bari sai kaka, furen baɗi yake yankewa, domin tun lokacin zafi, jim kaɗan bayan furen bana ya bushe, take ɗaura tohonsa.