Yadda ake zaɓen babbar firinta mai tanki don buga hotuna a gida

Wanda yake zaune a ƙauyen Gumel, Rano ko Birnin Kudu, ba kyawun hoton da ke jikin kwali ne zai fara dubawa ba idan zai sayi firinta mai tanki, wato wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Abin da ya fi masa muhimmanci shi ne: ina zai samu tawadarta idan ta ƙare, wa zai gyara ta idan ta toshe, kuma za ta jure ƙura da zafi da ɗaukewar wuta?

Na farko: tabbatar babbar kake bukata

Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297. A3 ninkinta ce, 297 da 420. Firintocin da ake kira manya a gida suna ɗaukar A3+, wato 329 da 483, inci 13 da 19 ke nan, girman hoton ango da amarya ko na saukar Alƙur'ani da ake ratayewa a ɗaki. Idan aikinka bai wuce fasfo da ƙananan hotunan suna ba, ƙarama irin Epson L8050 ko Canon G640 ta ishe ka, su biyun iyakarsu A4. Sannan ka tambayi kanka ko za ka riƙa buga wani abu duk mako. Mai jiran Sallah zuwa Sallah gara ya riƙa kai hotonsa birni a wanke masa, domin zaman banza shi ke kashe irin wannan na'ura.

Na biyu: ƙirga launukan tawada

A nan mutane da yawa ke yin asara. Epson L1300 tana ɗaukar babbar takarda kuma ta fi araha, sai mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa. Amma launi huɗu gare ta, don takardun ofis da zanen gini aka yi ta, kuma ba ta buga hoto har bakin takarda, dole ta bar farin gefe. Firintar hoto ta ainihi launi shida take da shi. Epson L1800 da ƙanwarta L18050 suna da baƙi, shuɗi, majanta (ja mai garin shunayya) da rawaya, sannan ƙarin shuɗi mai haske da majanta mai haske. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke sa fatar fuska ta fito sumul. Ka kai idonka kusa da kumatun amarya a hoton mai launi huɗu, za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a wurin da haske ya bugi fuskar; a na mai shida ba ka ganinsu. Haka ma farar shadda: inuwar ninkinta da aikin wuyan riga suna fitowa a hankali, ba sa zama fari fat.

Akwai kuma L8180, wadda a Turai da Amurka ake kira ET-8550. Ita tata shidan ta ƙunshi baƙi iri biyu da ruwan toka, shi ya sa ta fi gwaninta a hoton baƙi da fari, irin tsoffin hotunan kakanni da ake son sabuntawa, kuma tana da sikana a samanta. Kuɗinta ya fi yawa, tawadarta kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba.

Na uku: nemi tawadar kafin firintar

Kowace firinta da lambar tawadarta. L1800 tana shan 673, L1300 kuma 664. L18050 da aka yi wa kasuwar Afirka da Turai tana shan 108, amma wadda aka shigo da ita daga Asiya lambarta 057 ce. Saboda haka ka buɗe murfin tankin ka karanta lambar da idonka, sannan ka zaga shaguna biyu ko uku a titin Beirut ko kasuwar Sabon Gari a Kano ka ji ko suna da duk launuka shidan. Kwalba ɗaya mililita 70 ce. Ka lissafa kuɗin kwalba shida ka ɗora a kan kuɗin firintar, wannan ne ainihin abin da za ka kashe.

Tawadar da ake aunawa a jarka tana da sauƙin kuɗi, kuma gaskiya wasu na aiki da ita. Illarta biyu: launi yakan karkace, fuska ta yi ja ko kore-kore, kuma idan aka gauraya ta da wata iri a tanki ɗaya tana iya yin gudaji ta toshe kan firintar, wato ɓangaren da ke fesa tawada a takarda. Kan nan kuwa shi ne ɓangaren da ya fi komai tsada a jikinta. Ka tsaya kan iri ɗaya.

Na huɗu: sabuwa ko ta hannu

L1800 tsohuwar ƙira ce, ba ta da Wi-Fi, sai an haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB, amma masu gyara a Kano sun san cikinta sarai. L18050 tana karɓar hoto kai tsaye daga waya, wanda ya dace da wanda ba shi da kwamfuta. Akwai wani bambanci da masu shago ba su cika faɗa ba. Duk lokacin da firinta ta wanke kanta, tawadar da ta zubar tana taruwa a wani soso da ke cikinta. A L1800 idan lissafin soson ya cika sai ta tsaya cak tana walƙiya da fitilu, dole a ɗauke ta a kai wa mai gyara. A L18050 da L8180 akwati ne ƙarami da kai kanka za ka zare ka sa sabo. Ga wanda ke nesa da birni, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓe. Ka sayi ƙarin akwatin guda ɗaya ka ajiye tun ranar farko.

Idan ta hannu za ka saya, ka yi hattara da L1800 da aka taɓa juyawa zuwa buga riguna. Farar tawadar wannan aiki tana da kauri, kuma kan da ya sha ta ba ya dawowa daidai. Duba bututun tawada ko akwai fari a ciki. Kada ka biya sai an buga maka gwajin layuka, abin da masu gyara ke kira nozul cek: takarda ce mai jerin siraran layuka na kowane launi. Idan akwai giɓi a layin, a wanke kan sau ɗaya ko biyu a sake bugawa. Giɓin da ya ƙi barin wuri ɗaya alamar mataccen kai ne, ka bar ta. Daga nan a buga cikakken hoto daga wayarka a takardar da za ka riƙa amfani da ita.

Na biyar: wuta, zafi da ƙura

Firintar ba ta cin wuta, ba ta kai wat 30 tana aiki, don haka ƙaramin sola da inbata na ɗauke ta. Haɗarin yana wurin ɗaukewar wuta. Idan aka kashe ta da maɓallinta, kan yana komawa gefe ya zauna a kan wata roba da ke rufe bakinsa. Idan NEPA ta ɗauke ko janareta ya mutu tana tsakar aiki, kan zai tsaya a buɗe, tawadar bakinsa ta bushe. Ka sa mata UPS ko ka jona ta ta inbata, musamman ranar farko da za ta ja tawada cikin bututu, aikin da yakan ɗauki ɗan lokaci kuma ba a so a katse shi. Tsohuwar ƙirar tana da makullin tafiya a gefen tanki: a rufe shi idan za a ɗora ta a mota, a buɗe kafin a fara bugawa, kuma kada a kwantar da ita a gefe ko a kifa ta a kan babur.

Kamfanin ya ƙayyade a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35. A watannin Afrilu da Mayu ɗakin kwano a Jigawa yana wuce haka da rana, saboda haka a yi bugu da safe ko bayan magariba, a ajiye ta nesa da taga. Da hunturu kuwa a rufa ta da zane mai kauri duk lokacin da ba ta aiki, a rufe tiren takarda, domin ƙura na sa tayar jan takarda santsi ta kasa ja. Tsumma mai ɗan danshi yana gyara wannan. Teburin ya zama shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi. L1800 faɗinta ya kai kusan santimita 70, kuma tana son fili gaba da baya.

Na shida: takarda da hoton kansa

Sayi takarda mai sheƙi mai nauyin giram 200 zuwa 260, ka kuma gaya wa firintar irin takardar da ka sa. Idan ka bar ta a kan takardar rubutu, hoton zai fito dishi-dishi da layi-layi a kwance. A damina a bar takardun cikin ledarsu don kada su lanƙwashe kan ya goge gefensu.

Hoton da zai cika A3 ya fito tas yana son kusan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 3,500 da 5,000. Fiksel miliyan 8 ma yana wucewa tunda daga nesa ake kallon hoton bango. Wanda aka turo ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, idan aka faɗaɗa sai ido da baki su narke. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, ko a kawo wayar da ta ɗauka. Bayan bugawa ka bar hoton ya sha iska kwana guda kafin ka sa shi a firem mai gilashi ko ka yi masa leda, domin tawadar waɗannan firintoci tana kodewa idan rana ko hayaƙin murhu na dukanta kai tsaye.