Kurakuran da aka fi yi wajen auna ruwan ƙazanta da na'urar da ba ta taɓa ruwa

Na'urar da ake ratayewa a cikin ramin duba magudana abu biyu kacal take gani: tazarar da ke tsakaninta da fuskar ruwa, da kuma saurin da fuskar ruwan ke gudu. Yawan ruwan da ke wucewa, wato lita nawa a kowace daƙiƙa, lissafi ne take yi daga waɗannan biyun haɗe da girman bututun da aka shigar mata da hannu. In an ba ta ƙarya, ƙarya za ta mayar, kuma cikin lambobi masu kyan gani. Galibin laifin da ake ɗora wa na'ura, tun ranar girkawa aka yi shi.

Kuskuren farko shi ne zaɓen rami don sauƙin shiga. Ramin da ke bakin hanya, mai murfi mara nauyi, shi ke jan hankalin ma'aikata, ko da kuwa bututu uku ne suka haɗu a cikinsa ko ruwan yana zubowa daga sama. A irin wannan wuri fuskar ruwa tana tafasa, tana juyi, gudunta ba ya nuna gudun ruwan da ke ƙasa. A nemi ramin da bututu ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita, a miƙe, da faɗi iri ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sami miƙaƙƙen bututu mai tsawon ninki 5 zuwa 10 na faɗinsa kafin wurin awo. Haka kuma a guji ramin da ke dab da tashar famfo, domin duk lokacin da famfo ya tsaya ruwa yana tokarewa ya dawo baya. Ko ƙaramin bututun gefe da ke ɗiga a gaban na'urar rada, wadda ke auna gudu da igiyar rediyo, ya isa ya rikita ta, tunda motsi take bi, ba ruwanta da inda ya fito.

Sai batun girman bututu, kuma a nan ne aka fi tafka asara ba tare da an sani ba. Mutane kan ɗauki faɗin da ke rubuce a taswirar magudana su shigar. Taswira na iya cewa milimita 600 alhali an yi wa bututun shafe a ciki, ko ya lanƙwashe, ko ma an canza shi shekaru da suka wuce. A sa tef a auna tsaye da kwance. Bayan haka a soka sanda a ji ko akwai laka a ƙasa. Ga misali: bututu mai faɗin milimita 600, ruwa ya kai zurfin milimita 150. Sararin da ruwan ya cike a lissafi kusan murabba'in mita 0.055 ne. In akwai yashi da laka masu kaurin milimita 50 kwance a ƙasa, sun cinye kusan 0.011, saura 0.044 ke nan. Na'urar da ba a gaya mata akwai laka ba za ta ƙara kusan kashi 25 cikin ɗari a kan ruwan da ke wucewa da gaske. Yawancin na'urori suna da gurbin shigar da kaurin laka, amma laka ba ta zama yadda aka bar ta. Ruwan sama mai ƙarfi kan kwashe ta, rani ya sake tara ta. Saboda haka a riƙa auna ta a kowace ziyara, in kuma tana yawan canzawa, ramin bai dace ba, a sauya.

A wannan bututun dai, kuskuren milimita 10 a zurfin ruwa yana kawo kusan kashi 9 cikin ɗari na kuskure a sakamako. Shi ya sa saitin sifili, wato gaya wa na'ura inda zurfi ke farawa, ba abin yi a gurguje ba ne. A auna daga fuskar na'ura zuwa ainihin gindin bututu, ba zuwa saman laka ba, kuma a sake aunawa bayan an ɗaure kusoshi, don ɗaurin kansa yana ɗan motsa maƙalin. Na'urar zurfi ta kalli ruwa a tsaye cak. A ɗora lebur a tabbatar. In haskenta ya taɓa dandamalin siminti na gefen kwata ko matakalar ƙarfe, za ta kama su a matsayin ruwa, sai a ga zurfi ya tsaya a lamba ɗaya dare da rana.

Na'urar da ke auna zurfi da sautin da kunne ba ya ji tana da nata sha'anin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai zafin digiri 20, kuma kowane digiri ɗaya yana canza wannan da kusan mita 0.6. Idan ma'aunin zafin da ke jikinta yana kusa da murfin da rana ta gasa, iskar ƙasan rami kuma tana da sanyi, bambancin digiri 10 a tazarar mita 2 zai ba da kuskuren kusan milimita 35. Maganinsa a sauko da ita kusa da ruwa. Sai dai kada a wuce gona da iri: tana da makahon yanki a gabanta, sau da yawa santimita 25 zuwa 30, wanda in ruwa ya shiga cikinsa ba ta ganin komai. Rada ba ta damu da zafin iska ba, kuma makahon yankinta ya fi ƙanƙanta, amma kumfa mai kauri tana iya ruɗin kowace daga cikinsu.

Ta ɓangaren gudu, rada tana kallon ruwa a karkace, yawanci tana fuskantar inda ruwan ke fitowa, kuma kusurwar tana cikin lissafi. In an saita digiri 45 alhali ta zauna a 50, gudun zai ragu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Na'urori da yawa suna gyara wannan da kansu, amma ba sa gyara karkatar hagu ko dama, don haka a daidaita ta da tsakiyar kwata. Abu na biyu, ruwan da ke fuska ya fi na ƙasa da na gefe sauri. Matsakaicin gudu kan kasance wajen kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na gudun fuska, kuma adadin yana canzawa da zurfi da kaushin bututu. Barin lambar da ta zo daga masana'anta ba tare da gwaji ba ganganci ne. A kawo ma'aunin gudu na hannu, a auna a kashi 60 cikin ɗari na zurfi daga sama, a tsakiya da gefuna biyu, sau ɗaya lokacin da ruwa ya yi ƙasa, sau ɗaya da safe lokacin da ya cika.

Da tsakar dare ruwa kan ragu ya kwanta sumul. Rada tana buƙatar 'yan ƙananan igiyoyi a fuskar ruwa kafin ta ga motsi, kuma da yawa ba sa kama gudun da ya gaza kusan mita 0.2 a daƙiƙa. Sai ta rubuta sifili. Mai duba bayanai kada ya karɓi wannan sifilin, domin ruwan dare shi ne ke nuna yawan ruwan ƙasa da ke kutsowa ta tsagar bututu, wanda sau da yawa shi ne dalilin girka na'urar tun farko.

Wasu kan yi tsimi su sayi ma'aunin zurfi kawai, su bar lissafin Manning, wanda ke ƙiyasta gudu daga zurfi da gangaren bututu da kaushinsa, ya ba su gudu. Wannan yana aiki ne in ruwa na gangarawa ba abin da ya tare shi. Da zarar gaba ta toshe, zurfi zai ƙaru, gudu ya ragu, na'ura kuwa ta ce ruwa ya ƙaru. Hanya mafi sauƙi ta gano haka ita ce a zana zurfi a gefe ɗaya, gudu a ɗaya gefen, na tsawon mako biyu. A lafiyayyen wuri ɗigon suna hawa tare a layi ɗaya. In zurfi na hawa gudu na sauka, akwai abin da ya tokare a gaba.

Ranar da aka yi ruwan sama mai yawa bututu kan cika ya tumbatsa, ruwa ya hau cikin rami ya nutsar da na'ura, a daidai lokacin da aka fi buƙatar bayanan. Duk ramin da aka ga tabon datti a bangonsa sama da bakin bututu ya taɓa cika. A irinsa a haɗa da ma'aunin matsin ruwa da ƙaramin ma'aunin gudu mai aiki cikin ruwa, kuma jikin na'urar ya kasance na matakin IP68, wato mai jure nutsewa cikin ruwa.

Rashin taɓa ruwa bai ɗauke mata buƙatar kulawa ba. Raɓa tana taruwa a fuskarta, gizo-gizo yana saƙa, maiƙo yana fantsama. Iskar haidirojin salfaid, mai guba da ke tasowa daga ƙazanta, tana cin ƙarfe da bakin waya, don haka maƙali da kusoshi su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Murfin ƙarfe yana kashe sigina, sai batir ya ƙare da wuri wajen ƙoƙarin aika saƙo. A fitar da eriya waje. A daidaita agogon na'ura da na ma'aunin ruwan sama, in ba haka ba ba za a iya sanin minti nawa ruwan sama ke ɗauka kafin ya bayyana a bututu ba. Rubuta bayani kowane minti 5 ya fi kowane minti 15 kama tashin ruwa na farat ɗaya.

Ko da girkawar daga sama ake yi, na'urar ta zama mai shaidar aiki a wurin da iska ke iya kamawa da wuta, irin shaidar ATEX ko IECEx. In kuwa sai an sauka, a fara zura ma'aunin iska har ƙasa, domin haidirojin salfaid ya fi iska nauyi, kuma in ya kai wajen kashi 100 cikin miliyan yana kashe jin wari, mutum ya zaci babu komai. Iskar oksijin in ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari ba a shiga. Mai sauka ya ɗaura ɗamara da igiya, wani kuma ya tsaya a bakin rami har ya fito.