Yadda Ake Gane Aikin Furotin Ɗin Ƙwai Wajen Shigar Ciki

In kana so ka san ko wani furotin da ke jikin ƙwan mace yana da hannu a shigar ciki, hanyar da masu bincike suka fi yarda da ita ita ce a cire shi a ga me zai lalace. Da ɓeraye ake yi.

Da farko ka zaɓi furotin ɗin, a ce Juno, wanda ƙungiyar Gavin Wright ta gano a Ingila a 2014. Sai a samar da ɓeraye mata da aka kashe musu ƙwayar gadon da ke ƙera shi, yanzu da CRISPR aka fi yi, wato wata dabarar yanke ƙwayar gado, kuma dole ka ajiye 'yan'uwansu lafiyayyu a gefe, in babu su da wa zaka kwatanta?

Daga nan sai a yi wa matan allurar homon guda biyu da ke sa su saki ƙwai da yawa, PMSG tukun, bayan kamar awa 48 a bi da hCG, washegari a kwaso ƙwayayen daga bututun mahaifa. Shi maniyyin namiji ba a zuba shi kai tsaye, sai ya yi kamar awa ɗaya cikin ruwan gwaji a ɗumin digiri 37 kafin ya iya ratsa ƙwai. Sannan a haɗa su.

To anan aikin yake, gaban madubin ƙara girma. Kar ka tsaya ga cewa ciki bai shiga ba, duba INDA maniyyin ya maƙale. Ƙwai yana da wata riga mai kauri da ake kira zona, ta ɓera furotin uku ne, ZP1 zuwa ZP3, ta mutum huɗu. In kaga maniyyi ko manne wa rigar baya yi to ka zargi zona, musamman ZP2. In kuwa ya huda rigar ya taru a ɗan sararin da ke ƙarƙashinta yana ta kaɗa wutsiya amma ya kasa haɗewa da ƙwan, matsalar a fatar ƙwan take, haka ake gani in babu Juno saboda shi ne ke kama furotin ɗin Izumo1 na jikin maniyyi, kuma kusan haka ne in aka cire CD9, wani furotin na fatar ƙwan.

Akwai kuma akasin haka. Lafiyayyen ƙwai da zarar maniyyi ɗaya ya shiga sai ya saki wani furotin mai suna ovastacin ya datse ZP2 don kar wani maniyyin ya ƙara mannewa, Juno ma ya zube cikin kamar minti 40. Shi yasa in ka tarar maniyyi na ta manne wa zona bayan ƙwai ya rabu biyu, sai ka binciki ovastacin.

Matakin ƙarshe gaskiya bana son a tsallake shi: a ɗauki maniyyi guda a tura shi cikin ƙwan da allura, wato ICSI. In ƙwan da babu Juno ya rabu ya cigaba da girma, kaga cikinsa lafiya lau ne, wajen haɗuwar kawai furotin ɗin ke aiki.