Yadda ake raka tsohuwar waƙar sujada da jita

Tsofaffin waƙoƙin da muke rerawa daga Littafin Waƙoƙi ba sa bukatar hannu mai yawan kwalliya. Da yawansu kamu uku (kamu shi ne tsarin danna yatsu a kan tsirkiyoyi don su yi amo tare) ya ishe su: G, C da D, wato do, fa da so a bakin mawaƙa.

Ka fara da gyara tsirkiya. Daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. A nan Sakkwato kada ka gyara a gida ka ce ka gama. Zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40, yana sauya muryar jita tsakanin gida da majami'a, musamman in ka ɗauko ta a kan babur. Ka sake saurarenta kafin a tashi waƙar farko. Da hunturu kuma ka bar ta cikin jakarta, don bushewar iska na tsaga katako.

G shi ne gida, wato kamun da waƙa ke komawa ta huta a kai. Ɗan tsakiya a tsirkiya ta shida (mafi kauri), gaɓa ta uku (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan jita). Manuni a ta biyar, gaɓa ta biyu. Yatsan zobe a ta ɗaya, gaɓa ta uku. Danna dab da bayan ƙarfen, ba a kansa ba, in ba haka ba sai ka ji tana ƙirrr. A C kada ka taɓa tsirkiya ta shida. A D huɗu na ƙasa, wato mafi siranta, kawai ake kaɗawa.

Inda samarinmu ke ɓata waƙa shi ne ƙirge. Da yawa cikin waɗannan waƙoƙi bugu uku ne: ɗaya, biyu, uku. Hannun da ya saba da waƙoƙin zamani sai ya ja su zuwa huɗu, iyayenmu mata na zumunta su rasa inda za su ja numfashi. Abin na ci mini rai ƙwarai, domin kalmomin ne ke salwanta. A kan “ɗaya” ka ja tsirkiya mafi kauri cikin na kamun da kake riƙe ita kaɗai da babban yatsa, a “biyu” da “uku” ka share sauran zuwa ƙasa a hankali. Wasu waƙoƙin ma a kan “uku” murya ke shiga. Bar jama'a su ɗauki gaɓar kalma ta farko, kai ka same su a “ɗaya”.

Yaushe za ka canza kamu? Rera baitin da kanka kana riƙe da G. Inda ka ji muryarka da jita sun fara gardama, gwada C, in bai zauna ba, D. Rubuta harafin da fensir a saman kalmar.

Idan G ya yi wa dattawa ƙasa, ɗaura kafo, wato abin da ke matse dukan tsirkiyoyi a wuyan jita, a gaɓa ta biyu, waƙar ta koma A, yatsunka ba su canza ba. A ƙarshen layi jama'a kan ja murya fiye da ƙirge, sai ka jira su. In waƙar na rufewa da Amin, kaɗa C sau ɗaya a kan “A”, G sau ɗaya a kan “min”.