Yadda zaka ɗauko maganar mutum ka bashi amsa a guruf ba tare da ka hargitsa zance ba

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan unguwa ya san yadda abin yake, ka ajiye waya ka tafi sallar la'asar ka dawo ka tarar saƙonni sun taru jingim, kuma can a tsakiya wani ya rubuto "wannan ba gaskiya bane" shikenan, bai nuna wace magana yake nufi ba. Alhali mutum uku ne sukayi magana kafin shi, ɗaya kan kuɗin gudummawar biki, ɗaya kan tsadar taki, ɗaya kuma ya kawo labarin wani ɗan siyasa, to kowanne cikinsu sai ya ɗauka da shi ake, kafin kace kwabo an fara "kai waye da zaka ƙaryata ni". Wallahi da yawan rigimar da ke raba zumunci a guruf daga irin wannan take tashi, kuma abu ne da ake iya kaucewa.

Matakin farko mai sauƙi ne. Ka ɗora yatsa kan saƙon da kake son amsawa ka ja shi zuwa dama, zakaga ya maƙale a saman wurin rubutu, sai ka rubuta amsarka ka tura. Ko kuma ka danne saƙon ka ɗan riƙe, sai ka taɓa kibiyar nan mai lanƙwasa da take fitowa. Tun 2016 WhatsApp ya kawo wannan tsarin amma har yau akwai masu amsa magana a iska. Amfaninsa shine duk wanda ya zo daga baya idan ya taɓa ɗan akwatin nan na saman amsarka wayar zata kaishi kan asalin maganar ya karanta da idonsa, ba sai ya tambaya wa yace me ba.

Amma fa jan saƙo kaɗai baya isa idan saƙon dogo ne. Akwatin layukan farko kawai yake nunawa, to idan Malam ya rubuto bayani mai tsawo da batutuwa huɗu a ciki kai kuma na ukun kake son yin magana akai, wanda ya kalli amsarka gaisuwar farkon saƙon kawai zai gani. Abinda zakayi shine ka kwafi saƙon, ka manna a wurin rubutu, ka goge duk abinda baka buƙata ka bar jimlar da kake amsawa. Sannan ka sa alamar > a farkon layin ka bada tazara ɗaya, WhatsApp zai ware maganar da wani ɗan layi a tsaye a gefenta yadda kowa zai gane ba maganarka bace, daga 2024 aka ƙara wannan. Masu amfani da Telegram su nasu ya fi sauƙi, suna iya zaɓar guntun da suke so daga cikin saƙon su amsa shi kai tsaye. In kuma wayarka tsohuwa ce bata yin haka, ka rubuta "Malam inda kace kaza da kaza" ka sauka layi na gaba ka faɗi naka, ya wadatar.

Nan ne kuma nake so a tsaya a duba da kyau, domin yanke magana amana ce. Kowa ya san misalin da malamai ke bayarwa da aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wanda ya karanta "kada ku kusanci sallah" ya tsaya bai ƙarasa da "alhali kuna cikin maye" ba, kalmomin da ya karanta suna nan a ayar amma ya juya ma'anarta gaba ɗaya. To haka akeyi wa mutane kullum a guruf. Yaya ya rubuta "ba zan bada kuɗin ba sai an kawo lissafin wanda aka tara bara", sai wani ya ɗauko "ba zan bada kuɗin ba" kawai ya manna yace jama'a kun dai gani. Wannan zalunci ne, ko da kuwa kowane harafi na Yaya ne. Don haka idan zaka yanke, ka lura da ƙananan kalmomin nan, sai, idan, amma, matuƙar, watakila, a ganina, su ne ke riƙe da nufin mai magana, duk inda suke ka taho dasu. Idan ka cire wani abu daga tsakiya kasa ɗigo uku a wurin don a san akwai abinda aka tsallake. Kuma kada ka gyara masa kalma ko ka ƙara mata gishiri, yadda ya rubuta haka zaka kawo.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce "wato kana nufin". Mutum yace makarantar nan kuɗinta yayi yawa, sai a amsa masa da wato kana nufin kada yara suyi karatu kenan. Bai faɗi haka ba, kai ka faɗa, sannan ka zauna kana faɗa da abinda ka ƙirƙira da kanka. In baka gane ba tambaya zakayi, "Yaya dan Allah me kake nufi da nan wurin", ka jira ya amsa. Sau tari amsar da zai bayar ita ke kashe maganar tun kafin ta girma.

Sai batun saƙon murya, wanda a guruf ɗinmu shine rabin zancen, musamman wajen iyayenmu mata da dattawan da rubutun boko bai zauna musu ba. Idan ka ja boyis don ka amsa, akwatin alamar makirfo da tsawon mintoci kawai yake nunawa, babu ko kalma ɗaya, saboda haka ka taimaki jama'a ka faɗi wurin, misali "Hajiya wajen minti na biyu inda kika yi maganar ranar kai lefe". Ka saurara har ƙarshe kafin ka amsa, domin mutanenmu sukan fara da gaisuwa da shimfiɗa sai can ƙarshe ainihin maganar ta fito, kuma wani lokacin abinda ya ɓata maka rai a farko an warware shi a ƙarshe. In tsawon ne ya dameka ai tun 2021 ana iya ƙara saurinsa zuwa 1.5 ko ninki biyu. Idan kuma zaka mayar da abinda aka faɗa da baki zuwa rubutu kace "abinda na fahimta daga maganar Baba shine", kar ka rubuta kamar kalmominsa ne ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka san baya karatu ka amsa masa da murya, ladabi ne, kuma ka faɗi batun da kake magana akai tun a daƙiƙun farko saboda ba kowa ke da datar sauke boyis ɗin minti bakwai don ya gano ko ya shafe shi ba.

Kafin ka amsa komai ka gangara ƙasa ka karanta har ƙarshe. Wani sai ya buɗe data bayan kwana uku ya jawo maganar da aka riga aka sasanta har an yafi juna, ya tada ita sabuwa.

Ba kowace amsa bace ta cikin taro. Idan ka danne saƙon mutum a guruf akwai zaɓin amsa masa shi kaɗai, saƙon nasa zai biyoka zuwa hirarku ta ku biyu. Gyara ga babba, tunin bashi, tambayar da ta shafi gidan mutum, duk can ya kamata su tafi. Idan Kawu ya turo labarin da ka san ba haka yake ba ka bishi ta gefe kace "Kawu barka da yamma, labarin nan na duba kamar ba haka yake ba", ka barshi ya gyara da kansa, ya fi ka ja saƙonsa gaban 'ya'yansa da surukansa ka rubuta ƙarya ne. Sai dai in abin zai cutar da mutane nan take, kamar lambar asusun 'yan damfara ko maganin da aka ce a sha, wannan kam a fili za'a faɗa da sauri, cikin ladabi. Haka shima tagin, wato kiran sunan mutum da alamar @, yana sa wayar mutum ta sanar dashi ko ya kashe ƙarar guruf ɗin, to a ajiye shi sai wurin da lallai ana buƙatar amsarsa.

Sanarwar rasuwa tana da nata hukuncin. Ka ja asalin sanarwar ka rubuta addu'arka da kalmomi, Allah ya jiƙansa ya bada haƙurin rashi, kar ka manna mata ɗan yatsan nan na imoji ka wuce, kuma in na kusa ne ka kira ko ka taka ƙafa. Tallar atamfa ko stika na dariya su ɗan jira. Imojin da ake manna wa saƙo, waɗanda aka kawo a 2022, wurinsu shine sanarwa irin ta an ɗage taro zuwa Asabar, maimakon mutum hamsin kowa ya rubuto "to" har sanarwar ta nutse.

In kai ne ka rubuta abu kana son gyarawa, daga 2023 ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da turawa. Don kuskuren rubutu yayi kyau, amma idan wani ya riga ya amsa maka kar ka canza ma'anar a ɓoye ka barshi kamar shine bai fahimta ba, ka fito kace na gyara maganata ta sama. Gogewa ma haka, kana da wajen kwana biyu ka goge wa kowa, amma magana zarar bunu ce, waɗanda suka karanta sun karanta, in haƙuri ya kamata a bayar a bayar.

Abinda ya fi damuna a duk wannan shine fitar da magana daga guruf zuwa wani wuri. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin cewa idan mutum ya faɗi magana sannan ya waiwaya to amana ce. Wanda ya rubuta a guruf ɗin 'yan gidansu da 'yan gidansu yake magana, ɗaukar sikirinshot a kai Facebook ko a tura wa wanda aka ambata a ciki annamimanci ne ko da da yatsa akayi shi. In da buƙatar kaiwa ka nemi izini, ka rufe suna da lambar waya, ka haɗa da saƙonnin gaba da baya don kada a ga rabi. A Najeriya ma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka sha kama mutane da sashe na 24 nata kan abinda suka yaɗa, an yi mata gyara a 2024 amma tana nan.

Abinda aka turo maka daga waje shima ɗauko maganar wani ne. WhatsApp ya fara sa alamar an turo a 2018, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo mai kibiya biyu sai wuri ɗaya, duk don rage yaɗuwar ƙarya. Mu kuma tun kafin nan muna da hadisin da Muslim ya kawo, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abinda ya ji. Idan zaka ce wani malami yace kaza ka faɗi a wane karatu, ka nemi cikakken bidiyon, domin guntun daƙiƙa talatin da aka yanko daga tafsirin awa guda yana iya zama tambayar da malamin ke karantowa ce kafin ya warware ta. In baka san tushe ba ka rubuta a sama cewa turo min akayi ban tabbatar ba, ko ka barshi a wayarka.

Ku kuma admin, tun 2022 kuna iya goge saƙon kowa, kuma kuna iya kulle guruf ya zama ku kaɗai ke rubutu. In kun goge ku faɗi dalili a layi ɗaya, in kun kulle ku faɗi lokacin buɗewa. Idan kuma kunga mutum biyu sun ja saƙon juna sau uku ko huɗu babu sabon abu sai zafi, ku ce musu su kira juna a waya su ƙarasa can, sauran jama'a su samu su koma kan maganar gudummawar bikin.