Kiyaye gobara a asibiti: abin da ake dubawa kafin dare ya yi

A watan Mayun 2022 jarirai 11 suka rasu a ɗakin sabbin haihuwa na asibitin Tivaouane a Senegal, sanadin haɗuwar wayar lantarki. Kafin nan, a Satumbar 2019, jarirai 8 sun rasu a gidan haihuwa na El Oued a Aljeriya, kuma na'urar korar sauro da aka jona ce ta tayar da wutar. A Afrilun 2021 kuwa tukunyar oksijin ce ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, mutum 82 suka riga mu gidan gaskiya. Duka ukun da dare suka faru, lokacin da hannu ya fi ƙaranci a wurin aiki.

Mu a Damagaram muna da namu ƙarin nauyin: zafin bazara da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ba ta barin rami, da matsalar ruwa wadda ba sai an yi wa Badamagare bayaninta ba. Don haka, ko a babban asibitin ƙasa na Zinder ne ko a ƙaramar CSI (cibiyar lafiya) ta ƙauye, mintuna ukun farko na masu kwanan aiki ne. Lamba 18 dole a kira ta, amma kafin motar ƴan kwana-kwana ta ratso lungunan Birni ko cunkoson kasuwar Dole, wutar da bokiti ɗaya zai kashe ta riga ta kama rufi.

Waya da ralonj

Firiz ɗin bango, wato wurin jona filogi, mai amfiya 16 a kan bolt 220 iyakarsa wat 3,500 ne ko kusa da haka. Ralonj (wayar ƙarin tsawo) ɗin kasuwa mai siririyar waya ta murabba'in milimita 0.75 ba ya ɗaukar ko rabin wannan. To a lissafa: butar dafa ruwa ita kaɗai wat 2,000 take ja, injin tace oksijin 350 zuwa 600, ga teburin ɗumama jarirai, ga cajar wayoyin masu jinya. Idan aka jera su a ralonj guda, robar wayar tana laushi a hankali ba tare da disjonkta (makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa) ya faɗi ba, domin shi wayar cikin bango yake tsaro, ba ralonj ba. Duk abin da ke ɗumamawa ko sanyayawa, wato pupinel (tandar kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki), teburin jarirai, kilim da firigo, a ba shi firiz nasa na bango. Kada a jona ralonj a kan ralonj, kada a bi da waya ƙarƙashin katifa ko tabarma.

Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashe, zai iya gane matsala ba da wani kayan awo ba. Bayan na'ura ta yi awa ɗaya tana aiki, a taɓa kan filogi da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan hannu bai iya tsayawa ba, a cire. Firiz da ya yi baƙi-baƙi a baki, ko yake ƙara kamar ana soya gyaɗa, ko ɗaki yana warin roba, a rufe layin a kira mai gyara a ranar.

Disjonkta mai yawan faɗuwa gaskiya yake faɗa. Mafi munin gyara shi ne a sa wanda ya fi shi girma ko a tsallake shi da waya. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ba a ɗora mata fiye da amfiya 16, mai 2.5 ba a wuce 20. Na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yoyo, mai alamar 30 mA, tana da maɓalli mai harafin T. A danna shi sau ɗaya a wata, da rana, bayan an sanar da ɗakin da ke kan layin. Idan bai yanke ba, ya mutu. Sau ɗaya a shekara, a Fabrairu kafin a fara kunna kilim, a kashe allon rarraba wuta a ɗaure duk kusoshinsa, a fitar da ƙura da matattun ƙadangaru. Kusa mai sako-sako ita ce ke zafi a ɓoye.

Gurup kuma, wato janareta, ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Jarkokin gazuwal da esansi su zauna a wani ɗaki dabam mai iska, tsummokaran da suka sha mai a fitar da su. Dole a sami makunnin sauyi tsakanin gurup da layin NIGELEC, yadda biyun ba za su taɓa haɗuwa ba. Batiran hasken rana masu ruwa suna fitar da iskar haidirojin lokacin caji, saboda haka ɗakinsu na buƙatar tagar iska ta sama. A kuma tuna, muddin da rana a sama, wayar da ta sauko daga faifan tana ɗauke da wuta ko an kashe komai a ƙasa.

Oksijin

Oksijin ba ya ci da kansa, amma yana mayar da duk abin da ke kusa makamashi. A iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne. Da ya haura 23 zuwa 24, zanen gado, gidan sauro da gashin kai suna kamawa daga tartsatsi ɗaya, su ci da saurin da ba a saba gani ba. Abin da ke sa ya taru ƙaramin sakaci ne: an cire wa mara lafiya robar hanci, an ajiye ta kan katifa tana hurawa, an rufe tagogi saboda sanyin hunturu. Cikin rabin awa katifar ta sha ta ƙoshi. In an cire roba, a rufe iskar nan take.

Tukunyar oksijin cike take da matsin bar 150 zuwa 200. A tsayar da ita a ɗaure da sarƙa a bango. In ta faɗi kanta ya karye, sai ta tashi ta fasa gini. Kada a bar ta a rana, kada a mirgina ta a ƙasa, cikakku gefe guda, fanko gefe guda. Maiko shi ne babban abokin gabarta. Hannun da ya shafa man kaɗanya, basilin ko ruwan goge hannu mai alkol da bai bushe ba, kada ya taɓa kan tukunya. Idan makullin ya yi tauri ba a ɗiga masa mai, ba a buga shi da guduma. A mayar da ita ga mai kawowa. Ana buɗewa a hankali, mutum yana tsaye ta gefe, ba ta gaban agogon ba, domin buɗewa da ƙarfi na matse iskar ta yi zafin da zai kunna ɗan datti da ke cikin na'urar rage matsi. Ko leɓen mara lafiya da ya bushe ba a shafa masa basilin yana kan oksijin.

Injin tace oksijin a ja shi daga bango da labule kamar santimita 30, a nisanta shi da duk wani abu mai wuta da mita 2. Soson tace ƙurarsa a wanke duk mako, da hunturu sau biyu, a bari ya bushe sarai. In ya toshe, injin na zafi, oksijin ɗin ma na raguwa. A ɗakin tiyata kuwa, alkol ɗin da aka wanke fata da shi a ba shi minti uku ya bushe, a tabbatar bai kwanta ƙarƙashin mara lafiya ba, kafin a kunna wuƙar lantarki.

Tukwanen kashe gobara

Ja ce duka, amma ba ɗaya ba ne. Mai ruwa ta lita 6 ko 9 ta katifa ce, da takardu da katako. Mai gari, wadda aka rubuta wa ABC, tana kashe kusan komai har mai da gas, sai dai garinta na rufe ido, yana shaƙe masu ciwon ƙirji, yana cinye na'urori. Wurinta ɗakin gurup, magaza da wajen ajiye motoci, ba ɗakin jarirai ko na tiyata ba. Mai CO2, mai bakin ƙaho, ta kilo 2 ko 5, ita ce ta allon wuta, labo da ɗakin hoto. Ba ta barin datti, amma ƙahon na yin sanyin da ke ƙona hannu, a riƙe ta mariƙinta kawai, a kuma fita a buɗe wa ɗakin iska bayan an fesa. Man suya da ya kama a madafa ba a watsa masa ruwa: a kashe gas, a rufe da murfi.

Ma'aunin Faransa ya isa a yi aiki da shi: tukunyar ruwa ta lita 6 ga kowane murabba'in mita 200, aƙalla ɗaya a kowane hawa, kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 15 kafin ya kai gare ta, mariƙinta kada ya fi mita 1.20 daga ƙasa. A rataye ta kusa da ƙofa, a inuwa. Galibinsu iyakar zafin da aka rubuta musu digiri 60 ne, kuma ƙarfen da ya yini a ranar Afrilu yana iya kusantar haka. Wadda aka kulle a ofishin darakta don gudun ɓarayi, a lissafa babu ita.

Duban wata-wata minti biyu ne a kowace tukunya. Allurar agogo tana cikin kore? Ƙusar tsaro da hatiminta suna nan? A leƙa bakin tiyo, domin zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a nan, ya toshe shi tsaf. A duba tsatsa a gindi. Mai gari a kifa ta a saurara. In ba a ji garin yana zubowa ba, ya dunƙule. Mai CO2 ba ta da agogo, sai sikeli: a gwada da nauyin da aka buga a wuyanta, in iskar ta ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari a kai ciko. Sau ɗaya a shekara ƙwararre ya duba ya manna takarda mai kwanan wata, bayan shekara 10 a yi mata babban gyara ko a canza. Mai gyaran da ya zo da takardun mannawa kaɗai, ba sikeli ba kayan kwancewa, kuɗin takarda ya zo karɓa.

Wajen amfani: a zare ƙusa, a ɗan fesa gefe don gwaji, a tsaya mita 2 zuwa 3 (mai CO2 kamar mita ɗaya), a nufi gindin wuta ba harshenta ba, ana sharewa dama da hagu, ƙofa tana bayanka. Mai gari ta kilo 6 cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa take ƙarewa. Wutar da ta fi tsayin mutum ta wuce tukunya. A ja ƙofa a fita.

Tunda famfo ba abin dogaro ba ne, a ware tanki ko randuna na gobara kaɗai, da bokitai a rataye, da bokitin yashi kusa da gurup. Inda akwai tiyon bango, a warware shi duk wata uku a ga ko ruwa na zuwa da ƙarfi, a daidai lokacin da aka saba ɗauke ruwa, ba da asuba ba.

Masu jinya

A asibitocinmu kowane gado na da mutum biyu ko uku a waje, da murhunsu, da gawayin shayi, da ƙaramar tukunyar gas ta kilo 6. Hana su girki ba zai yiwu ba. A keɓe musu wuri nesa da ɗakunan kwanciya da ma'ajiyar oksijin, da rufin kwano ba zana ba. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ta isa darasi. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma da ruwan sabulu ake neman yoyonsa, ba da ashana ba.

Zagayen ƙarfe goma na dare ya fi kowane allon gargaɗi aiki. Maganin sauro na kunnawa a gindin gidan sauro, kaskon turaren wuta a ɗakin mai jego, garwashin jin ɗumi da hunturu: waɗannan ake nema. Da lalama ake cewa, "Hajiya, don Allah a fitar da kaskon nan, jikanki na kan iska." In an faɗi dalili, da wuya a yi gardama.

Ƙofa, ƙararrawa da atisaye

Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma rufaffiyar ƙofa na tare shi. Amma ƙofar fita da aka garƙame da kwaɗo, makulli na aljihun mai gadi da ya tafi masallaci, tarko ce, balle tagogi duk da ƙarfe. Makulli ya zauna a akwati mai gilashi a jikin ƙofar. Baranda kuma ba magaza ba ce. Tsoffin gadaje da kwalaye a kwashe.

Na'urar jin hayaƙi mai batir a danna ta duk wata, a goge ƙurarta, a canza ta bayan shekara 10. In ƙura na sa ta kuka, tsabtacewa ake yi, ba cire batir ba. Fitilun gaggawa su iya awa ɗaya bayan an yanke wuta. Inda babu ƙararrawa, usur a wuyan mai gadi da tocila mai caji a kowane ɗaki sun fi babu.

Kowane mai kwanan aiki ya san nasa tun kafin ranar: wa zai kira 18 ya faɗi sunan asibiti, unguwa, ɗakin da ke ci da ko akwai oksijin, wa zai kashe wutar ɓangaren, wa zai buɗe babbar ƙofa. Rufe oksijin hukuncin majo ne ko likita, domin akwai waɗanda numfashinsu ke kansa. Ana fara janye na kusa da wuta, a kai su ɓangaren da ke bayan wata ƙofa ko tsakar fili. Wanda ba ya tashi a ja shi a kan katifa ko bargo, ta wajen kai. Jarirai a goya, a runguma, da alamar suna a hannu, a fita da rajistar ɗaki don ƙirga. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙanƙara, ba man goge baki.

A yi atisaye sau biyu a shekara, ɗaya da dare, har da masu shara da masu gadi. A gayyaci ƴan kwana-kwana su zagaya, su ga inda motarsu za ta shiga da inda tukwanen oksijin suke. Duk dubawa a rubuta a littafi guda: rana, lambar tukunya, abin da aka gani, wanda ya gyara, sa hannu. Tukunyar da aka fesa ko na daƙiƙa biyu ne ba ta komawa bango sai an cika ta, kuma layin da ya yi tartsatsi ba a mayar masa da wuta sai mai gyara ya buɗe ya gani.