Yadda Ake Zaɓar Salon Rubutun Da Za A Koya Wa Yaro

Kafin ki sayi komai, buɗe jakar yaron ki ga yadda malamarsa ke rubuta masa aiki. Dubi harafin a: mai ciki da sanda ne, ko mai rumfa a ka irin na waya? Wanda ake yi a aji shi za ki bi a gida. Ɗan shekara 5 in ya ga a iri biyu, haruffa biyu yake ɗaukarsu.

Idan zaɓin a hannunki yake, fara da rubutun rarrabe, kowane harafi tsaye shi kaɗai. Na haɗe ya jira sai hannu ya faɗa, wajen aji uku.

Sai gwajin da na fi damuwa da shi. Ɗauki salon da kike so, ki rubuta baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, ki miƙa wa wani ya karanta daga nesa. Salon da ke naɗe kan b da k yakan haɗiye ƙugiyar, har a rasa wanne ne wanne. In haka ta faru, ki bar shi komai kyansa. Littattafan koyon rubutu da za ki tarar a kasuwar Sabon Gari galibi don Turanci aka tsara su, babu ɓ, ɗ, ƙ a ciki, ke za ki ƙara su da hannunki. A garin nan namu na Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ina jin ciwo in ga ɗan Zazzau yana yar da ƙugiya.

Kada ki manta da allo. Can daga dama yake farawa, don haka ki ɗiga masa alama a hagun shafi, nan ne mafarin boko. In kuma yana haɗa allo da Islamiyya, tambayi malamansa rubutun da suke bi. A na Warshu ɗigon fa a ƙasa yake, a na Hafsu a sama, inda na Warshu ke sa ɗigon ƙaf.

Daga nan ki samo littafi mai jan layi da shuɗi, da fensir mai kauri. Minti 10 bayan la'asar ya isa, kuma ki raba ranar b da ranar d.